Ruwan da Ya Koma Cikin Buta

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna tambayar ko lafiya na yi shiru, ina nan da raina, ko da yake rabin matan Jega Sabon Gari sun riga sun gan ni cikin likkafani. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Zinatu, ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Na gama jami'a a Aliero, an sa min rana da Ubaidullah kafin faɗuwar damina. Ni na kawo shi gida da kaina, ba wanda ya liƙa min shi, kuma ina son sa. Na faɗa tun yanzu don kada wata ta zo ƙasan rubutun nan tana ba ni shawarar in rabu da shi in huta.

Aibina ɗaya, in har aibi ne, ina son wasu irin finafinai da ba wanda ke so a garinmu. Abin ya samo asali ne daga kuskure. Ina aji biyu na kai memori shagon masu tura fim a bakin kasuwar Jega, na ce a cika min da na soyayya masu dogon zango. Sai mai shagon ya haɗo min da wani baƙi da fari, daga wata ƙasa mai sanyi, ba waƙa, ba rawa, maganar ma sai ka ƙirga ta da yatsu. Wani tsoho ne ɗauke da ƙyauren ƙofa a bayansa, yana ta tafiya cikin fili fetal. In ya gaji sai ya kafa ƙyauren a ƙasa, ya ƙwanƙwasa, ya tsaya yana jira. Ba wanda ke buɗewa. Ya sake saɓa abinsa ya ci gaba. Ni kuwa ina zaune ina jiran a fara fim, sai na ga an rubuta ƙarshe. Na ja tsaki, na ce wannan mutumin ya ci min wuri a memori a banza.

Amma tsohon nan ya ƙi fita daga kaina. Ina cikin wanke-wanke sai in tsinci kaina ina tunanin wa yake sa ran zai buɗe masa. Na koma na sake kallo, na sake, har na haddace inda yake tuntuɓe. Daga nan na shiga farautar irinsu, duk datata a can take ƙarewa. Na ga wanda mace ke jera wa baƙi abinci, kujerun suna ficewa daga ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Na ga wanda aka kafa wa tukunyar ruwa ido har ta tafasa, kuma wallahi da ta tafasa sai da gabana ya faɗi. Ƙawata Iklima tana kiran su finafinan ciwon kai. Ni abin da ya ja ni gare su shi ne ba sa kama hannunka su ce ga wurin kuka, ga wurin dariya. Kamar mafarki suke, ka farka ba ka iya ba da labarinsa, amma ka yini da shi a ƙirji.

Ubaidullah ɗan masu albasa ne na Aliero, aikinsa lodin manyan motoci masu zuwa kudu. Ranar farko da na nuna masa tsoho mai ƙyaure a zauren gidanmu, gyangyaɗi ya yi. Rana ta biyu ya ce, "To shi dattijon ga ba ya da dangi na?" Rana ta uku ya kalla har ƙarshe, da aka gama ya ce in tura masa. A ranar na san na samu miji.

Bara war haka Babanmu ya rasu, ana cikin cirar albasa a gonarsa ta Dangamaji. Abin da ya bari a ɗakinsa ba yawa: farar babbar rigarsa ta Juma'a, da butar ƙarfe da ya ɗaure mariƙinta da waya tun ina ƙarama. Kowa ya yi kukansa ya gama, ni nawa ya maƙale min shekara guda, ya ƙi fita ya ƙi komawa. Shi ya sa da aka kwashe albasar bana na ce zan yi ɗan fim ɗina, na kaina, ba don kowa ba.

A rudun mahaifin Ubaidullah muka yi, rumfar ciyawa da suke ajiye albasa a bayan gari, da la'asar, Iklima na tare da mu don kada a ce. Na zura rigar Baba ta rufe ni tun daga ka har ƙafa. Na shigo daga ƙofa, na zubar da albasar da ke hannuna, na tsiyayar da ruwan butar a ƙasa, na kwanta cikin albasa na yi shiru. Ubaidullah ne ya riƙe wayar. Da na dawo gida sai na juya hoton ya koma baya. Sai ga ni ina tashi daga kwance, ga ruwa yana tattaruwa daga ƙasa yana hawa sama yana komawa cikin buta, ga albasa tana tsalle tana dawowa hannuna, ni kuma ina fita da baya har hasken ƙofa ya haɗiye ni. Ba magana ko ɗaya, sai ƙarar iska a ciyawa da kukan wata kurciya. Da na kalle shi karon farko, kukan shekara guda ya zo.

Iklima kaɗai na tura wa. Ita kuma, saboda tsabar alfahari da ƙawarta, ta ɗora a sitatus. Kafin ta goge, ya shiga guruf ɗin ankon bikina, daga can ya faɗa wayar Gwaggo Balaraba, yayar mahaifin Ubaidullah, wadda ta raine shi tun mahaifiyarsa ta rasu. A gidansu in Gwaggo ta ce a'a, ko maza ba sa cewa i.

Shekaranjiya da hantsi Baffa Attahiru, yayan Baba kuma waliyyina, ya shigo gidanmu ko gaisuwar kirki bai tsaya amsawa ba. Ya zauna a kan turmin da aka kifa, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Ke Zinatu, zo nan. Mi nika ji cikin gari?"

Na durƙusa. "Fim na, Baffa."

"Fim? Fim da ba magana, ba labari, sai ɗiya mace kwance cikin likkahwani?"

"Ba likkafani ba na. Rigar Baba ta."

Ya rufe ido ya yi salati. "Wannan ma ya hi muni."

Kada ku ɗauka mutanenmu ba su san waya ba. Ƙannena duk sun san juya hoto ake yi, Gwaggo ma jikokinta sun yi mata bayani. Cewa ta yi ta ji, ruwan dabarar waya ce, amma mene ne zai raɗa wa budurwar da aka sa wa rana ta sa rigar mamaci ta kwanta? Ita a wurinta amsar ɗaya ce: iska, wato aljanu.

"Balaraba ta kira ni," in ji Baffa. "Tac ce ita ba ta ƙi ki ba. Iska lalura ta, ɗiyatta ma ta yi, anka yi mata ruƙiyya, ga ta can ɗakin mijinta lahiya lau. In iska ta, a tahi Maiyama wurin malam a yi karatu, a ruhe magana, biki na nan yadda anka sa. Amma in da hankalinki kinka yi, tac ce ba ta kai ma ɗanta macen da ka wasa da mutuwa."

"To ai da hankalina…"

"Yi mani shiru!" Ya ɗaga yatsa. Sannan ya sassauta murya, kuma wannan ya fi tsawar ciwo. "Ɗiyata, ni ba maƙiyinki ba na. Mai iska ana yi mata magani. Wadda tay yi da gangan, ban san maganinta ba. Gobe bayan azahar Balaraba na zuwa ta ji daga bakinki. Abin da za ki ce ɗaya na: ban san sa'adda niy yi ba. Daga nan mota ta wuce da mu Maiyama."

Duk wannan maganar Inna tana bakin murhu, ta ba mu baya, tana ta gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Ku da ba 'yan fari ba ba za ku gane ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tunda aka haife ni. "Ke" nake, ko "yarinyar nan", in ta matsu ta ce "yayar su Sagir". Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta tare min faɗa, ko ciwo nake sai dai ta aiko ƙanwarta ta duba ni. Kunyar ɗan fari ce, haka ta taso ta gani, ban taɓa riƙe ta da shi ba. Amma ranar nan na kalli bayanta na ji da ma ta juyo ko sau ɗaya ne. Ba ta juyo ba.

Na shiga ɗaki na jawo waya daga caji, na rubuta wa Ubaidullah.

"Ka ji abin da ake shiryawa?"

Ya amsa nan take, alamar wayar na hannunsa. "Na ji. Zina don Allah ki bi maganar Baffa. Yini ɗaya ne a Maiyama, a yi miki tofi a wuce wurin."

"Daga nan fa? Duk ranar da aka gan ni a gidanka ina kallon tsoho mai ƙyaure, a ce iskokin sun dawo?"

"Za mu riƙa kallo a ɗaki mu biyu."

"A ɓoye."

Na rubuta abin da ke cina: "Kai ka riƙe wayar, Ubaidu."

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa.

"Na sani."

Can wani ya shigo: "In Gwaggo ta ji a rudunmu aka yi, kuma da ni a ciki, ban san yadda zan kalli idonta ba. Ita ta goya ni, Zina. Ki rufa min asiri wannan karon kawai."

"Wato ni mai iska, kai mai hankali."

Ya karanta. Na jefa wayar kan katifa na bi ta na kwanta. Haushinsa na ji har cikin haƙorana, kuma duk da haka ina son sa, wannan shi ne abin takaicin. Na yi ta juya maganar. In na ce iska ce, na samu Ubaidullah, amma na zama Zinatu mai iska har tsufana, kuma na tsaya gaban mutane na ce abu ɗaya tilo da na yi wa Babana ba ni na yi ba. In na faɗi gaskiya, lefen da ke jere a ɗakin Inna ya koma Aliero. Ba zan yi muku ƙarya ba, kafin gari ya waye na zaɓi Ubaidullah.

Jiya tun kafin azahar Baba Luba, matar Baffa, ta zo shirya ni. Na ɗauko atamfata ruwan ganye mai zanen fulawa, ta fizge ta mayar cikin akwati. Ta zaƙulo wata koɗaɗɗiyar doguwar riga da nake shara da ita, da hijabi ruwan toka. Na kai hannu kan kwalli ta buge min hannu.

"Mai jinya ba ta kwalli. Kuma ki rage wanga kallo naki na tsakiyar ido. Ki riƙa lumshewa."

Na kalli madubi. Wallahi sun iya shirya fim fiye da ni.

A ɗakin Inna aka zauna. Ba wuta, fanka a tsaye, zafi kamar a gasa gurasa. Akwatunan lefena na jere gefen kabad ɗin kwanoni, an lulluɓe su da zanin gado. Gwaggo Balaraba ta cika kujerar zaman mutum biyu ita kaɗai, cikin leshi ruwan goro, mayafinta ya sha turaren wuta, carbi a hannu, haƙorin Makka na walƙiya in ta yi magana. Baffa na kan kujerar roba a bakin ƙofa. Inna ta zauna can ƙarshen gado, ta karkata fuska wajen bango kamar zaman bai shafe ta ba. An ce min Ubaidullah ne ya tuƙo Gwaggo, yana cikin mota a ƙofar gida, shi zai kai mu Maiyama.

Da Gwaggo ta zo da faɗa da abin ya zo min da sauƙi. Sai ta zo da tausayi.

"Sannu ɗiyata. Matso kusa. Jikin da sauƙi?"

"Da sauƙi, Gwaggo."

"Kina jin nauyi bisa kahwaɗa? Kina mahwalkin ruwa?"

Na sunkuyar da kai. Baba Luba ta amsa min daga bayan labule, "Tana yi, Hajiya, sosai ma."

Gwaggo ta dafa kaina, hannunta da ɗumi. "Ba abin kunya ba na. Yanzu hwaɗa mani da bakinki, don in samu abin da zan gaya ma ubanai. Abin ga da kinka yi, kin san sa'adda kinka yi shi?"

Baffa ya yi gyaran murya. Na jiƙa leɓena, na buɗe baki.

"Ban…"

"A ba ni in gani."

Da farko ban gane muryar wa ce ba. Inna ce. Ba ta juyo gaba ɗaya ba, hannu kawai ta miƙo.

"Aishatu," in ji Baffa, "ba abin kallo ba na."

"Kowa ya gani cikin garin ga sai ni, Yaya. An ce rigar mai gidana ta. A ba ni."

Gaskiyarta. Wayar Inna 'yar ƙarama ce mai madannai, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin kai mata. Gwaggo ta kalli Baffa, ta taɓe baki, ta lalubo abin a babbar wayarta ta miƙa min, ni kuma na rarrafa na kai wa Inna. Na danna mata. Ta karɓi wayar ta riƙe da kanta.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar iska a ciyawa da kurciyar nan. Ni fuskar Inna nake kallo. Da farar rigar ta motsa cikin albasa, ta ɗan ja baya. Da aka zo wurin buta, sai ta kawo wayar dab da idonta.

"Butatai ta," ta faɗa a hankali. "Ga wayar da yaɗ ɗaure."

Ruwan ya taso daga ƙasa ya shige buta. Albasa ta dawo hannu. Farar riga ta fita da baya, haske ya rufe ta. Ya ƙare.

"Sake."

Na sake danna mata. Gwaggo ta gyara zama, carbinta ya tsaya. Inna ta kalla har ƙarshe, ta ɗora wayar a cinya, ta yi magana tana kallon ledar ɗaki.

"Ranar da anka hita da shi, ruwan alwallatai na cikin butag ga. Ya cika ta da sahe, bai samu yi da ita ba. Ni niz zubar da shi bayan ɗaki, da hannuna. Tun rannan nika cewa da ban zubar ba."

Wallahi ban san wannan ba. Ba wanda ya sani.

"In na ruhe ido, haka nika gani," ta ci gaba, muryarta na karyewa. "Ruwan ya koma. Mutanen da sunka zo gaisuwa su tashi su koma gidajensu. Makara ta shigo da baya. Shi ya tashi ya ce a ba shi hura. Kullum. Ban gaya ma kowa ba don kada a ce na taɓu." Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta juyo ta fuskanci Gwaggo sosai. "Hajiya, in wanga iska ta, to motar ku ta yi kaɗan. Da ni za a tahi Maiyama."

Baba Luba ta saki labule.

Sai Inna ta dube ni, cikin ido, a gaban surukai, a gaban yayan mijinta.

"Zinatu. Hwaɗa masu gaskiya."

Sunana. A bakin Inna. Ashe haka yake fita, da ɗan jan wasalin ƙarshe, kamar ta daɗe tana gwada shi ita kaɗai. Duk abin da na shirya faɗa ya zube. Hawaye na zuba, amma muryata ta fita tas.

"Da hankalina na yi, Gwaggo. Ni na tsara shi, ni na sa rigar, ni na juya shi baya. Ba wasa nake da mutuwa ba. Kewar Babana nake, ban iya faɗa da baki ba, shi ne na faɗa da hoto. Kuma ina son irin finafinan nan, ba zan daina so ba ko a gidan wa nake."

Baffa ya dafe kai. Na saci kallon Gwaggo. Na ga idonta ya yi ja, ita ma ta binne miji, amma fuskarta ta ɗaure tamau. Ta tattara mayafinta.

"Aishatu, Allah shi jiƙan malam. Na ji zahin ki. Amma magana na riga na yi ta gaban ƙanena, kuma ba ni da baki biyu." Ta kalli akwatunan lefe, ta kawar da kai. "Miƙo mani wayata."

Na miƙa mata da hannu biyu. Hoton ya tsaya a wurin da nake fita da baya, rana ta shigo ta ƙofar rudu ta kwanta a ƙasa. Har ta kai wayar bakin jaka, sai ta dakata. Ta dawo da ita. Ta nisanta ta da idonta, ta kusanto.

"Tsaya. In ke ce cikin riga, wa yar riƙe maki waya?"

Duk garin nan an yi ta maganar likkafani, ba wanda ya yi wannan tambayar sai yanzu.

"Da ƙawata muka je," na ce. Ba ƙarya na yi ba, amma ba amsa ba ce, ita ma ta sani.

"Ban tambaye ki da wa kunka tahi ba. Maida shi baya kaɗan."

Na mayar. Ta sa yatsa ta tsayar da hoton da kanta. A ƙasan hoton, cikin hasken rana, ga inuwar mai ɗauka ta miƙe a kan albasa. Inuwar namiji ce, da hula, hannu biyu a sama. Gwiwar hannun hagu ta fito waje a karkace. Na kalli fim ɗin nan ban san iyaka ba, ina kallon ruwa, ina kallon riga, ban taɓa lura da ita ba.

Ubaidullah ya taɓa ba ni labarin hannun. Yana yaro ya faɗo daga kan buhunan albasa ya karye, aka yi masa ɗori a Aliero, shi kuma don ƙiriniya ya kwance karan kafin lokaci, hannun ya warke a haka.

"Hannun ga," in ji Gwaggo, muryarta ta yi ƙasa, "ni nig goya mai shi zuwa wurin ɗori. Kuma wanga rudun ƙanena na, ga gwangwanin da muka rataye bisa ginshiƙi." Ta ɗago ta dube ni. "Shi na?"

Ubaidullah ya roƙe ni in rufa masa asiri, kuma duk haushin da nake ji, ba daga bakina za a ji ba.

"Yaron da yaz zauna gabana jiya ina cewa yarinya ba ta da lahiya, shina ce mani Allah shi ba ta sauƙi?" Gwaggo ta yi wata dariya marar daɗi. "To bari mu ji. In yac ce ba shi na ba, na yarda da ɗana, inuwa ba shaida ba ta, a kwashe akwatuna yau. In kuwa shi na, sai shi shigo nan gaban uwarki shi hwaɗi, in san ko su biyu zan kai Maiyama ko ba ni kai kowa."

"Hajiya, suruki ba ya shigowa ɗakin…" Baffa ya fara.

"Yau shina shigowa."

Ta danna kira, ta ɗora wayar a kan cinyarta.

Na zaci daga can waje za a ji, ko ma ba za a ji ba, tunda an ce yana mota. Sai ga ƙarar wayarsa ta tashi nan kusa, a zaurenmu, bayan bangon da ke jikin tagar Inna. Ashe tun ɗazu yana tsaye a wurin. Ya ji Gwaggo, ya ji Inna, ya ji ni.

Wayar na ta ƙara. Bai ɗauka ba, bai kashe ba.

Finafinan da ake min gori a kansu sun koya min abu ɗaya: abin da ba ya cikin hoto, da kunne ake bin sa. Na rufe ido na bi ƙarar. Ta motsa. Na ɗan lokaci na rasa gane ko ƙofar waje ta nufa, inda mota take. Sai na ji ta fito fili, ta bar amsa-kuwwar zaure, ta ratso tsakar gida, ta wuce randa, ta wuce turmin da Baffa ya zauna a kai. Inna ta laluba ta kama hannuna ta matse, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ƙarar ta tsaya a bakin ƙofa. Na buɗe ido. A ƙarƙashin labule ga ƙafafunsa, cikin baƙaƙen takalman da na zaɓar masa da Sallah, ƙurar albasa a kansu. Sun daɗe a tsaye ba motsi, har kiran ya katse don kansa.

Sannan ya sa ƙafar dama ya taka dunduniyar ta hagu, ya zare takalmi ɗaya.